Zauren Kawu Iro da Aka Ɗora a Kan Bene

Duk wanda ya taɓa gayyatar Kawu Iro gidansa a Landan ya san ba mai gida yake fara gaisarwa ba, bango yake fara gaisarwa. Zai yi sallama daga bakin ƙofa, ka taso da fara'arka ka miƙa hannu, shi kuwa ya wuce ka, ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bangon falo sau uku, ya kara kunne. Sai ya gama jin abin da bangon ya ce sannan ya juyo ya ce maka, "Ina gajiya? Ya iyali?" Ku da muka zauna tare a can a shekarun da kuɗin mai ya tumbatsa, na san yanzu haka wani ya fara murmushi. Dakta Shehu ya fi kowa shan wannan. Ranar sunan 'yarsa ta fari a Catford, gida cike da jama'a, Dakta sai washe baki yake yi ya tare a sabon gida, sai ga Kawu ya shigo da babbar riga a kan takalman leburori. Ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba falo da kicin, ya sake ƙwanƙwasawa, ya girgiza kai.

"Dakta, wa ya ce maka wannan bango ne?"

"To mene ne, Kawu?"

"Labule ne mai taurin kai. Kada ka kuskura ka yi wa maijego faɗa a nan, har 'yan cikin bas sai sun ji."

Ni Bala ne, ɗan ƙanwarsa. Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni karatun zanen gini, kuma ranar da zan taho mahaifiyata ta ce in na sauka kada in nufi ko'ina sai wurin yayanta. Haka na yi ta canjin bas har na isa Thamesmead, na tarar da mutumin da tun ina yaro nake jin labarinsa. Bazazzagi ne ɗan gidan magina, ya buɗe ido ya ga ana kwaɓa ƙasa ana ɗora azara. Yana saurayi ya bi fataken goro zuwa Ikko, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ya ce Legas ba. A can ya koyi aikin siminti a hannun 'yan Aguda, jikokin mutanen da suka dawo daga Barazil, masu yi wa saman taga fure da siminti. Wajen lokacin samun 'yancin kai wani Bature da ya yi wa aiki ya kawo shi Landan don ya sami takardar shaida.

Takardar ce dai ba ta samu ba, kuma duk laifin zaure ne. Sau uku ya zauna jarrabawa a wata makarantar zanen gini, sau uku yana faɗuwa, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin yana hura hanci. A lokacin yayin Turawa shi ne gini ya zama akwati, ba ado ba lanƙwasa, daga kankare sai gilashi. Karon farko aka ce su zana ofis, ya zana ofis da zaure a gaba da zankwaye huɗu a sama, 'yan ƙahonnin nan na kusurwar soro. Karo na biyu aka ce asibiti, ya sa zaure biyu, na maza da na mata. A na uku malaman suka yi dabara, suka ce a zana wurin ajiye motoci mai hawa biyar, a ganinsu a nan kam ba inda zai cusa shi.

"Sai malamin ya ɗora yatsa ya ce mini, Mister Iro, what is this? Na ce zaure ne. Ya ce motoci ne fa za su zauna a nan, ba mutane ba. Na ce to su motocin su suke kawo kansu? Direban da ya kawo maigidansa, a kan taya zai zauna?"

"Sai ya ce me, Kawu?"

"Sai ya yi mini fail, ɗan albarka. Amma fa har yau bai ba ni amsa ba!"

Daga nan ya tattara ya koma abin da ya iya, ya zama birkila a wani kamfani, yana yi wa ginin wasu yaɓe yana zagin ginin a zuci da baki. Maganarsa ɗaya ce, kun sha ji: gida ba zaure, mutum ne ba sallama.

To ku duba inda Allah ya ajiye mai wannan magana. Thamesmead! Benaye masu launin toka sun jeru, ga hanyoyin ƙafa a sama sun haɗa wannan da wancan, ga iskar kogi tana ratsa ƙashi. Flat ɗinsa yana hawa na uku, kuma da an buɗe ƙofa idon baƙo zai wuce har kan tukunyar matarsa, Iya Laraba. Kawu ya ce ba da shi ba. Ya fito wurin da matakala take juyawa, ya shimfiɗa tabarma biyu, ya haɗa benci da katakon da ya tsinto a wurin aiki, ya ajiye buta, ya ce ga zaure. Tun daga ranar ba namijin da ya sake wuce wurin nan in ba ni ba. Kowace Lahadi bayan azahar za ka ga an taru, ɗalibai da likitoci da 'yan gidan rediyo, kowa ya ƙudundune cikin kwat, Iya Laraba tana miƙo shayi ta ƙofa, hannunta kawai ake gani. Ranar da ƙanƙara ta sauka Dakta ya ce, "Kawu, don Allah yau dai mu shiga ciki, flu zai gama da mu." Kawu ya ce, "Kai ba likita ba ne? In ya kama mu ka yi mana magani."

Ana nan sai ga wata siririyar Baturiya daga council, hukumar da ke kula da benayen, da takarda a jaka. Kafin ta buɗe baki Kawu ya nuna mata benci. Ya gaishe ta da aiki, ya gaishe ta da sanyi, ya tambayi iyayenta, ya tambaya ko bas bai wahalar da ita ba, aka miƙo mata shayi. Sai da ta sha rabi sannan ta tuna abin da ya kawo ta, ta ce doka ta hana ajiye kaya a kan hanya, dole a kwashe.

Kawu ya ce da turancinsa na birkiloli, "Madam, yanzu a kan me kike zaune?"

Ta ce, "A kan bencinka."

"To da babu shi, a ina za ki zauna ki gaya mini in ɗauke shi?"

Baiwar Allah ta yi dariya har ta ƙware. Ta tafi, benci bai tafi ba. Sai dai wasiƙun gargaɗi ba su daina zuwa ba, kusan kowane wata, kuma wallahi ba wanda ya kai Kawu murna da zuwansu, don bayansu fari ne tas. Mutumin nan bai taɓa sayen takarda ba a rayuwarsa. Fensir kuwa sai ya cinye shi har yatsa ya kasa riƙewa, sannan ya cusa guntun a bututun tsohon biro ya ci gaba. Goro ɗaya yakan raba wa mutum takwas. Tabarau guda ɗaya suke da shi shi da Iya Laraba, in tana tsintar shinkafa sai ya jira. In wasiƙa ta yi jinkiri sai ka ji yana cewa, "Council ɗin nan sun fara lalacewa, ko warning ba sa iya turowa a kan lokaci."

Abu ɗaya yake zanawa a bayan takardun nan, wato gidan Ikko. A cikin tsibirin Ikko, a wani lungu bayan kasuwar goro, wani Alhaji mai saukar da fatake ya ba shi aikin masauki, kuma shi ne kaɗai ginin da Kawu ya yi tun daga tushe har zanko ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Zaure mai ɗaurin guga, rufin nan mai baka daga ciki, dakali hagu da dama, tagogi da furen 'yan Aguda, zankwaye a sama. Ya ce Yarbawa kan ce gidan Hausawa ne, Hausawa su ce gidan Yarbawa ne, kowa kuma ya tsaya ya kalla. Ta gabas katangar ta yi wata 'yar lanƙwasa, don akwai rijiyar da maƙwabta suke ɗiba, shi kuwa ya ƙi haɗiye ta, ya kauce mata. Alhajin ya ji daɗin aikin har ya yi masa alkawari a gaban shaidu cewa ɗakin da ke jikin zaure nasa ne muddin ransa. A kan wannan alkawari Kawu ya jingina duk sauran rayuwarsa. Akwai akwati a saman kabad ɗinsu cike da tsaraba, agoguna da lema har da rigunan sanyi, a kai Ikko fa, inda mutum yake zufa a cikin wanka. Kowace shekara sai ya ce, "Baɗi war haka ina zaune a zaurena."

Iya Laraba kuwa haifaffiyar Ikko ce, bakinta ba ya ajiya. Daga cikin ɗaki za ka ji ta, "Baɗin nan naka ya kusa yin furfura, Malam. Kuma bara ɗaki takwas ka ce, bana na ji sha biyu. Gidan nan haihuwa yake yi?"

Masu zuwa daga gida suna ta kawo labarin yadda tsibirin yake sauyawa. An ɗora gadoji a sama, benaye na ta tashi, ana cike bakin ruwa da yashi ana gini a kai. Da aka ce jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi layi a teku wata da watanni har simintin yana daskarewa, Kawu ya ce, "Ya hango irin ginin da za a yi da shi ne, ya gwammace ya mutu a ruwa." In wani ya ce ana rushe tsofaffin gidaje fa, sai ya ɗaga hannu. "Nawa ba ya rusuwa. Kaurin bangonsa kamu biyu ne, ni na auna da wannan hannun."

Na gama karatu daidai lokacin da manyan mutanenmu suke ta sauka Landan da jakunkuna, kowa yana son bene ya fi na ɗan'uwansa tsawo. Ofisoshin zane suka shiga neman duk ɗan Najeriyar da ya iya riƙe fensir, ni ma na sami gurbi a wani ƙaramin ofis kusa da Bloomsbury. Maigidanmu dogo ne mai ɗaura ɗan ƙyalle a wuya mai fukafukai biyu, shi ya sa tun ganin farko Kawu ya raɗa masa Malam-buɗe-littafi. Kawu ya yi murna da aikina ƙwarai, amma ba don ni ba. Ya kafa mini doka cewa kowace Juma'a in kwaso masa takardun da aka zubar, tunda na ofis sun fi na council faɗi.

Wata safiya aka ajiye mini taswirar wani fili a tebur, aka ce banki za a gina, hawa goma sha shida, a tsibirin Legas. Na karanta sunan lungun, na duba iyakar filin, sai na ga ta gabas ta yi 'yar lanƙwasa. Nan take na gane filin gidan Kawu ne. A cikin fayil ɗin akwai hoton wurin, fili fetal, ko tubali ɗaya babu. Ashe Alhajin ya rasu, magada sun sayar, an rushe tun kafin aikin ya zo mana. Wata biyu na yi ina ɓoye wannan magana. Da rana ina zana benen da zai hau kan gidan kawuna, ranar Lahadi in zauna a tabarmarsa in sha shayinsa, ya ce baɗi war haka, in ce Allah ya kai mu. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta watannin nan ba.

Tsumulmularsa ce ta tona ni. Wata Juma'a ina sauri na kwashi takardu daga kwandon shara ban duba ba. Shi kuma al'adarsa, kafin ya juya takarda ya yi zane a bayanta sai ya fara duba gabanta ya kushe abin da Turawa suka zana, jama'a su yi dariya. Ranar Lahadin yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. "Wannan akwatin ashana ne. Wannan kejin kaji ne. Wannan kuwa..." Sai ya matso da ita kusa da ido. Takardar ko suna babu a jikinta, layuka huɗu ne kawai na iyakar fili. Ya ce a miƙo masa tabarau. Ya bi layin gabas da yatsa a hankali har ya zo kan lanƙwasar, ya tsaya.

"Bala."

"Na'am, Kawu."

"Wannan kaucewar tawa ce. Gidan yana tsaye?"

Na sunkuyar da kai. Dakta ya ajiye kofinsa.

"Tambayarka nake yi."

"An rushe shi, Kawu. Tun kafin takardun su iso mana."

"Da me?"

"Da katafila."

"Kwana nawa ta yi?"

Wannan kam na sani, don ɗan kwangilar ya rubuto yana ƙorafin ɓata lokaci. Na ce mako biyu aka yi ana fama, sai da aka ƙaro katafila ta biyu. Kawu ya ɗago ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta washe. "Kun ji ko? Katafila biyu! Ban gaya muku ba? Kamu biyu, katafila biyu!" Yana dariya idanunsa suna kaɗawa, ba wanda ya iya taya shi. 

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Me za ku ɗora a wurin?" Na gaya masa. Ya ce, "Zaure fa?"

"Akwai reception, Kawu, wurin karɓar baƙi a ciki."

"Wanda bai yi appointment ba, ba a san da zuwansa ba fa?"

"Maigadi zai tsayar da shi a waje."

"A rana?"

"A rana."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya juya takardar nan ya fara zane a bayanta. Mako guda ya yi yana yi, ran Litinin ta sama sai ga shi a ofishinmu da babbar rigarsa da takalman aiki, ya ƙwanƙwasa bangonmu, ya tsuke baki, ya shimfiɗa wa Malam-buɗe-littafi zanen zauren banki. Ga bakan ƙofa mai faɗi, ga dakali hagu da dama da zai ɗauki mutum talatin a inuwa, ga zankwaye. Ni dai na gama sallamawa yau aikina ya ƙare.

Abin da ban lissafa ba shi ne yayi ya juya. A 'yan shekarun nan Turawa sun fara gajiya da akwatinsu, matasan masu zane sun shiga tono kayan da, a ɗauko ginshiƙi daga nan, baka daga can, a shafa launi mai ihu, a liƙa a jikin gilashi. Maigidanmu kuwa ciwon ya kama shi sosai. Yana ganin zanen ya dafe ƙirji ya ce, "Marvellous!" Ya ce wannan shi ne ainihin Post-Modern. Kawu ya waiwayo ya ce me yake cewa, na ce wai ginin bayan zamani. Ya ce, "Bayan zamani kuma? Ai bayan zamani sai tashin ƙiyama. Amma ka ce masa na gode."

Kai, ku da kuka zo zaure Lahadin nan kun ga abin mamaki. Kawu Iro ya raba goro ɗai-ɗai, cikakke, ba ɓari ba! Ɗaya daga 'yan gidan rediyo ya juya nasa ya ce shi ba zai ci ba, ajiyewa zai yi saboda tarihi. Kawu sai cewa yake yi, "Shekara kusan ashirin Bature yana tunani, yanzu ya gano amsar direba." Ya ce gidan ya tafi, ɗakinsa ya tafi, amma in dai zauren zai koma mazauninsa to zai je ya zauna a dakalin ko na yini ɗaya ne, ya ga wanda zai tashe shi.

Bayan wata guda aka gama ɗan ƙaramin samfurin ginin na kwali da katako, maigidanmu ya ce lallai in gayyato kawuna. Ni an mayar da ni kan zanen matakala da bututun ruwa, ban ga abin da aka yi ba sai ranar. Aka yaye ƙyalle. Kawu ya duƙa yana duba gindin ginin, ya zagaya ta gabas, ya zagaya ta yamma, ba komai sai ƙofar gilashi da ɗakin maigadi. Malam-buɗe-littafi ya taɓa kafaɗarsa yana murmushi ya nuna masa sama. Can a ƙololuwa, a kan hawa na goma sha shida, ga zauren Kawu an ɗora, da bakansa da zankwayensa, an shafe shi da ruwan hoda. Tankin ruwa da injin lif aka ɓoye a ciki.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tambaye shi, wa zai zauna a can?"

Maigidanmu ya ce ba kowa, ai ba don zama aka yi ba, ishara ce ga al'adar mutanen ƙasar, ana hango ta tun daga teku.

"To ka gaya masa, a garinmu ma muna son takalmi ƙwarai, amma ba mu taɓa ɗora shi a ka ba."

Ban fassara ba, shi ma bai jira ba. Muka fito muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka muka hau bas. Sai da benayen Thamesmead suka fara bayyana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sau uku suna ƙin zaurena ina dawowa gida da dariyata. Yau sun karɓa, kuma yau ce na faɗi."

A makon ya sauko da akwatin nan daga saman kabad ya rabar da tsarabar. Dakta ya sami agogo, ni na sami lema, rigunan sanyin kuwa suka yi amfani a inda ya kamata tun farko. Zama a matakala bai fasa ba, kushe gini bai fasa ba, amma ba a sake jin kalmar baɗi a bakinsa ba. Iya Laraba ta ce mini ita da ta yi shekaru tana yi masa tsiya a kanta, yanzu ita take marmarin ji.

Da aka gama ginin ofis ya tura ni Legas in duba 'yan gyare-gyare. Na shiga tsibirin da taswirar Kawu a kaina, don na san kowane lungu daga bayan wasiƙun council, amma na kasa gane ko ɗaya. Inda ya ce akwai masu ɗinkin hula na tarar da gada, inda ya ce ana jin ƙamshin ganyen goro na tarar da hayaƙin motoci. Jefi-jefi kake ganin tsohon gida mai fure a taga ya maƙale tsakanin benaye biyu, rufinsa ya yi tsatsa. Bankinmu kuwa ga shi nan ya tokare sama, da zauren hoda a kansa, tun daga kan gada na hango shi na kau da kai.

Na iso da rana tsaka, maigadi ya ce manaja ya fita, in jira a waje. Ina tsaye zufa tana bin bayana sai na ji an ce, "Baƙo, shigo inuwa mana." Na waiwaya. A jikin katangar bankin, daidai wurin da ta lanƙwasa, an kafa wata rumfa ta langa-langa da guntayen katako, benci biyu da tabarma. Ga mai shayi, ga mai goro, ga masu gadin da suka tashi aiki, ga wasu mutum biyar masu jiran banki irina, har da wani Bayarabe da jakarsa a cinya. Wani dattijo ya matsa mini. Da hira ta yi hira na tambaye shi me ya sa suka zaɓi nan. Ya ce, "Da nan zauren gidan Alhaji ne, nan muka saba zama. Sau uku ana rushe mana muna sake kafawa, yanzu sun gaji." Na tambaye shi ko ya san wanda ya gina gidan, ya ce wallahi bai sani ba, ya dai ji an ce wani Bazazzagi ne. Na ɗauki hoton benen saboda ofis, na ɗauki na rumfar saboda kaina.

Na dawo na tarar da Kawu a kwance, ƙirji ya matsa masa, ƙurar simintin shekaru ta taso. Na zauna a bakin gado na miƙa masa hotunan. Na benen ko kallo na biyu bai yi musu ba, ya ture gefe. Da ya zo kan na rumfar ya ce Iya Laraba ta ba shi tabarau. Na gaya masa inda take da abin da dattijon ya ce. Ya kawo hoton dab da hancinsa, ya daɗe, sannan ya fara.

"Wane mugun kafinta ne ya kafa wannan? Dubi ginshiƙi a karkace. Ya fuskantar da ita yamma, da la'asar rana za ta gasa su. Rufin ma ba gangara, ruwan Ikko ɗaya zai tara musu tafki a ka. Kai, jama'a!"

Tari ya sarƙe shi, Iya Laraba ta tallafe shi har ya lafa. Ya koma ya jingina, hoton yana kan ƙirjinsa.

"Da ka isa, sun tambaye ka wa kake nema?"

"A'a, Kawu. Sai da na zauna suka ba ni ruwa na sha, sannan suka tambayi sunana."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ne ya ɗauke shi, har na yunƙura zan tashi, sai na ji ya ce a hankali, "To a bar musu karkatarsu."

Bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. A Landan muka binne shi, cikin yayyafi, kuma da yawanku kuna wurin. Na yi shekaru ina zana gine-gine bayansa, wasu har an yaba, amma har yau in na tuna watanni biyun da na yi ina amsa masa Allah ya kai mu, sai kunya ta kama ni, ina kuma kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mini nawa a kansa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya karɓi baƙuncinsa, ya jiƙan Iya Laraba da ta bi shi daga baya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.